Tukunyar Injiniya

Na san kun ji maganar. Babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni a cikinku, kuma na gode da wannan kunya da kuka nuna mini, amma na ga fuskar Hadiza ranar da ta dawo daga wani suna a Yelwa ta kasa haɗa ido da ni har kwana biyu. An faɗa mata cewa uwarta ta taɓa ba wani babban mutum guba a cikin shayi. Yanzu da ƙarfina ya ragu, ba na son in tafi in bar ku da labarin bakin wasu. Ga yadda abin ya faru, kuma Allah ne shaidata.

A shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi, ni ce mai dafa abincin biki a unguwarmu da unguwannin da ke kusa. Suna, ɗaurin aure, walimar saukar karatu, duk ni ake nema. Ni 'yar tudu ce, 'yar ƙabilar Kambari, daga wani ƙauye a bayan Ngaski, iyayena manoman dawa. Na musulunta kafin in auri babanku, aka sa mini Rabi, na zauna a gidansu tare da Inna, mahaifiyarsa. Shekara goma sha ɗaya ina Yelwa, ina salla, ina azumi, ina zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, amma in magana ta yi zafi tsakanin mata sai ka ji an ce "'yar Kambarin nan". Hannuna ne ya sama mini wuri a garin. In an ci alkakina ko miyar kifina, ba a tuna daga inda na fito.

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Ya yi karatu a ƙasar Turai, ya yi aiki shekaru a madatsar ruwa, da ya ajiye aiki ya dawo gida ya gina gida a bakin ruwa. Mutum ne mai kyauta, mai fara'a, amma in ya sa abu a kansa ko mahaifinsa ba ya juya shi. Abin da ya fi so a duniya shi ne tsofaffin injuna masu aiki da tururi. Ya samo tukunyar wani tsohon jirgin ruwa, wadda ta daɗe yashe a wani lambu, ya sa aka jawo ta da shanu har gidansa. Ta kai tsayin mutum, jar tagulla ce, da bututai sun nannaɗe ta kamar hanji. Wata uku yana goge ta har ta koma tana ɗaukar ido. Ya sa mata famfo, ya sa mata agogo mai allura, ya sa mata usur da ke kuka in ruwa ya tafasa.

Wata safiya ya aiko mota ta ɗauke ni da babanku, don babanku tela ne. Muka tarar da shi a tsakar gida ya zuba takardu a kan tebur, duk zane-zane. Ya ce zai haɗa taron shan shayi, zai gayyaci manyan sabuwar jiha da 'yan kasuwa da matansu da 'ya'yansu, don ya nuna musu a dawo da jiragen ruwa a kan tafkin madatsar. Amma ba taro irin wanda aka saba ba.

"Maman Hadiza," in ji shi, "ki ɗauka ba a taɓa gano fetur ba. Ki ɗauka duniya ta ci gaba da tafiya da wuta da ruwa da tururi har yau. Mota tururi, jirgi tururi, har keken ɗinkin mijinki tururi. Ranar nan haka gidana zai zama. Duk wanda ya shigo zai ga kamar ya shiga wannan duniyar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ni mene ne nawa a ciki?"

"Abincin ma sai ya yi kama da inji."

Babanku aka ba shi ɗinkin falmaran na maza, masu maɓallan tagulla da aljihun agogo. Za a raba wa baƙi dogayen huluna da tabarau irin na masu walda su rataya a goshi. Ni kuwa muka zauna da Injiniya da matarsa Hajiya Asabe muna tsara abin ci da abin sha, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin ranar ƙwarai. Ban taɓa samun wanda ya tambaye ni ra'ayina yana rubutawa ba. Na ce dubulan dama a murɗe yake kamar waya, sai ya buga tebur don murna. Na ce cincin za a iya yanka shi da haƙora kamar faifan inji in an samu abin yankawa, ya ce zai sa maƙeri ya ƙera mini. Muka sa nakiya a mulmula ta kamar kan ƙusa, muka sa masa ƙanana, da gasasshen giwan ruwa a tsire a kan siraran ƙarafa, da ƙwai dafaffe da za a dafa a tururin tukunyar a gaban mutane. Hajiya Asabe ta ce a ƙara alkaki don tsofaffi. Da muka zo kan shayi, Injiniya ya ce shi ne sarkin taron: a cikin tukunyar jirgin za a dafa shi, kowa ya zo da kofinsa ya murɗa famfo ya tara.

Ni da bakina na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin zafi ne, madara za ta yi wa mutane nauyi. A yi shi da citta da kanumfari da na'ana'a, a matse lemun tsami mai yawa. Yara kuma a yi musu zoɓo, shi ma ya bi ta bututun nan su ga yana zubowa ja."

Wannan shawarar tawa ce. Na daɗe ina ɗauke da nauyinta.

Saura kwana huɗu taro muka yi gwaji. Aka hura wuta, na zuba kayan shayi da lemun tsami tun hantsi, Injiniya ya ce a bar shi ya jiƙa sosai don ya ga ko tukunyar na riƙe zafi. Aka kira shi wani wuri ya fita. Da azahar na murɗa famfo na tara rabin kofi. Launinsa bai yi mini ba, ya yi duhu-duhu, kuma da na kurɓa sai na ji kamar na tsotsi tsohon kwabo. Na ce ko bakina ne, na ƙara kurɓa biyu. Kafin in kai bakin titi cikina ya murɗa. A gindin wata bishiyar mangwaro na durƙusa na yi ta amai, kuma abin da na gani a ƙasa ya fi ciwon tsorata ni, don kore ne, kore mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ban taɓa ganin ya fito daga cikin mutum ba. Wani mai mashin ya kai ni gida. Na kwana biyu ba na iya riƙe ko ruwa.

Inna ce ta zauna a kaina. Da na samu bakin magana na ba ta labari, sai ta ajiye mafici ta dube ni.

"Tsami kika zuba cikin tagulla?"

Na ce, "Eh, Inna."

"Ke ɗiyar nan! Mu tun muna yara ba a barin kunun tsamiya ya wuni cikin tasar tagulla. Uwata ta taɓa marina kan wanga abu. Tsami cin tagulla shikai, ya kwaso dafinta. Kin leƙa cikin tukunyar?"

Ban leƙa ba. Bakinta a sama yake, a ɗaure da ƙusoshi, ta wani ɗan mazurari ake zuba ruwa. Waje kawai Injiniya ya goge. Abin da ke ciki, shekara nawa yana taruwa, babu wanda ya gani.

Ranar jajibirin taro na lallaɓa na tafi gidansa. Na same shi a kan tsani yana ɗaura fitilu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da ya same ni da abin da Inna ta ce. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin dariyar da babba ke yi wa yaro.

"Maman Hadiza, zazzaɓi ne ya kama ki, lokacinsa ne. Na wanke tukunyar nan da ruwan zafi sau uku. Turawa sun shekara ɗari suna shan shayi a tagulla."

"Ranka ya daɗe, a bar ta ta yi tururi ta yi kuka, mutane su gani su yi sha'awa. Shayin in dafa a tukwanena in zuba a butoci."

Fuskarsa ta canza. "To me na tara mutane su gani? Tukunyar da ba ta aiki? In ce musu a dawo da jirgi, alhali ko shayi injina bai iya dafawa ba? Ni injiniya ne. Ke ki tsaya kan cincin ɗinki."

Na ce ko lemun tsamin a cire. Ya ce an riga an buga a katin gayyata, kuma shi da kansa zai haɗa shayin da safe tunda ni tsoro nake ji.

Da la'asar muka zauna a tsakar gida, ni da babanku da Inna, falmaran ɗin mutane a rataye a igiya an gama guga. Babanku mutum ne mai gudun fitina, kun san shi. Ya ce in ce jikina bai warware ba, in aika da abincin, in zauna a gida.

"In wani abu ya faru ba kya wurin," in ji shi. "Babu mai cewa ke ce."

Na ce, "Malam, yara fa? Jikokin Injiniya kaɗai su bakwai ne. Ni da girmana kurɓa uku na yi, ka ga yadda na koma. Yaro ɗan shekara huɗu ya shanye kofi guda na zoɓo fa?"

"To ki je ki ce me? Ki tsaya gaban manyan gwamnati ki ƙaryata Injiniya a gidansa? Rabi, kin san garin nan. Kin san abin da za a fara tunawa game da ke."

Na sani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake cewa mutanen tudu sun iya da saiwoyi da ganyaye. Sai Inna ta ce, ba ni take kallo ba, ɗanta take kallo:

"In ta zauna gida yaran mutane suka mutu, kai za ka iya cin tuwon hannunta bayan nan? Ita za ta iya?"

Babanku ya sunkuyar da kai. Bai ƙara cewa kada in je ba, bai kuma ce in je ba.

Ranar taro na isa tun da safe da kayana. Na tarar Injiniya ya riga ya cika tukunyar, ɓawon lemun tsami tuli a gefe, wuta na ci. Zoɓon da na kawo na ɓoye shi a ɗakin girki a cikin robobina, na ce bai huce ba. Na ɗora tukwanena biyu a bayan gida na dafa wani shayin, ban faɗa wa kowa ba. Na nemi Hajiya Asabe na roƙe ta ta yi masa magana, ta ce, "Ke dai kin san Alhaji," ta wuce tana gyara ɗankwali. Duk wunin nan hannuna na jera dubulan a faranti, kunnena na kan tukunyar. Na yi ta addu'a Allah ya sa famfon ya toshe, ko bututu ya fashe, ko hadari ya taso ya watsa taron. Sama kuwa fes, ko gajimare babu.

Bayan la'asar gida ya cika. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Manyan mutane da na sani da babbar riga, ga su cikin falmaran da doguwar hula, tabarau a goshi, suna duba agogon aljihu suna yi wa juna dariya. Mata sun ɗaura sarƙoƙi da ƙananan faya-fayan inji a kan gyale. An rataya tsofaffin fitilun jirgi da sarƙar anga a jikin bango, ga tafki a bayanmu yana ƙyalli. Mutane suna ɗaga cincin ɗina suna juya shi suna mamakin haƙoransa. A wata rana daban da wannan ce ranar da ta fi kowace daɗi a aikina.

Sai usur ɗin tukunyar ya yi kuka. Aka yi tafi. Injiniya ya yi jawabi a kan jirage da tafki, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ya gama ya ce yara su fara, don su ne za su gaji wannan zamani. Na ga jikokinsa da 'ya'yan baƙi sun taso a guje da ƙananan kofuna. Wata 'yar yarinya mai kitso biyu ce a gaba, hularta ta rufe mata ido tana turawa sama.

Ban san lokacin da na ajiye faranti ba. Na tsinci kaina a gaban famfon, bayana na jin zafin tukunyar, na buɗe hannuwana.

"Kada wanda ya sha! Don Allah kada a ba yaran nan. Akwai dafi a ciki."

Na ji muryata ta fita da karin harshenmu na tudu, wanda na shekara goma sha ɗaya ina ɓoyewa. Injiniya ya tako a hankali har gabana.

"Matsa."

"Ranka ya daɗe, ka yi mini rai. Ga wani shayin can na dafa."

"Na ce ki matsa."

Ya ture hannuna, ya tara kofi ya cika, ya juya ya fuskanci mutane ya shanye. Na ga ya ɗan yamutsa fuska, ya san ɗanɗanon bai yi daidai ba, na rantse ya sani. Amma idon manya na kansa. Ya sake cika kofin ya shanye na biyu, ya ɗaga shi sama. Wasu suka yi 'yar dariya, amma iyaye mata sun riga sun janye 'ya'yansu, kuma babu wanda ya matso. Ya ce a fitar da ni daga gidansa.

Ban kai ƙofa ba na ji ihu. Na waiwaya na gan shi a durƙushe ya dafa ƙasa, hular ta gangara gefe, yana amai a kan takalman baƙinsa, kore shar. Aka yi kansa. Sai muryar Hajiya Asabe ta tashi sama da ta kowa:

"Ku riƙe ta! Ta yaya ta san akwai dafi in ba ita ta zuba ba?"

'Ya'yana, duk tsoron da na ji a kwanakin baya wasa ne a kan na wannan lokacin. Ina ganin maganar tana shiga kan mutane ɗaya bayan ɗaya, fuskoki suna juyowa. Matan da na dafa wa abincin aurensu suna ja da baya suna kakkaɓe hannu daga dubulan ɗina. Wani ya tofar da nakiyar da ke bakinsa. Wani direba ya damƙi gyalena ta baya har ya shaƙe ni. Na ji an ce "'yar Kambari", na ji an ce "dama". Babanku, wanda ya kawo falmaran ɗin ya tsaya kallo, shi ne ya kutsa ya rungume ni ta gaba, ya ba su bayansa, duka biyu ko uku suka sauka a kansa. Wani ɗan sanda da ya rako ɗaya daga cikin manyan ya raba mu da su, ya tura mu cikin mota.

A ofishin 'yan sanda na faɗi gaskiyata sau uku ga mutum uku. Kowanne sai ya tsaya a wuri ɗaya: wa ya kawo shawarar lemun tsami? Ni. Wa ya taɓa tukunyar ranar gwaji ba kowa a wurin? Ni. Wa ya dafa wani shayin a ɓoye? Ni. Mai unguwarmu ya tsaya mini aka bar ni na koma gida washegari, da sharaɗin ba zan fita ba. Babban 'yan sandan ya ce mini a fili, "Ki yi addu'a mutumin nan ya tashi."

Kwana uku Injiniya yana asibiti ba ya gane mutane, don dama yana da ciwon hanta, abin ya same shi da ƙarfi. Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kowace mota ta tsaya a ƙofar gida sai in miƙe in ɗauki gyale, in ce an zo tafiya da ni. In na ji salati daga nesa sai in ce ya cika. Da rana tsaka ake jifan rufin kwanonmu. Maƙwabciyarmu da muke aron turmi ta aiko a karɓo mata taɓaryarta, ba ta shigo ba. Kuna ƙanana, na tara ku a ɗaki ina kallonku ina tunanin wa zai yi muku kitso, wa zai gaya muku ba haka uwarku take ba. Hadiza ta tambaye ni me ya sa ba za ta je makaranta ba, na ce an ba da hutu.

Babanku, wanda ya ce in zauna a gida, shi ne bai zauna ba. Ya je wurin tsohon maƙerin da ya ƙera mini abin yanka cincin, ya kai shi gaban 'yan sanda, ya yi ta naci har suka yarda a buɗe tukunyar a gaban shaidu da likitan da ke duba Injiniya. Ni ba a bar ni na je ba. Babanku ya ce da maƙerin ya kwance ƙusoshin aka ɗaga murfin, duk wanda ke wurin sai da ya ja baya. Cikinta kore ne kamar bakin rijiya, ya yi kauri, wani wurin yana ɓarewa. Inda shayin ya kwanta kuwa tsamin ya cinye koren har jan ƙarfen ya fito. Maƙerin ya kankaro da wuƙa ya nuna wa likita, ya ce ko shi da bai yi boko ba ba zai ba akuyarsa ruwa a ciki ba. Likita ya ce abin da ya gani a jikin majinyacin ya yi daidai da wannan. Aka rubuta, aka ce ba ni da laifi. A rana ta huɗu Injiniya ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe takardar 'yan sanda ba ta shiga kasuwa. Wata biyu babu wanda ya kira ni ko suna. Na yi alkaki na aika gidan wata haihuwa, aka dawo mini da kwanon a rufe yadda na aika. Masu kawo wa babanku ɗinki suka ragu.

Injiniya ya yi abin da zai iya, ba zan ci amanarsa ba. Da ya samu ƙafa, wata ranar kasuwa da hantsi, ya sa aka kawo shi ƙofar gidanmu, ya rame har wuyan rigarsa na lilo. Ya ƙi shiga zaure. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a waje inda kowa ke wucewa, ya ce in dafa masa shayi da lemun tsami. Na dafa na kawo masa a kan faranti. Ya karɓa ya sha a gaban mutane, ya ce da ƙarfi:

"Matar nan ta ceci jikokina. Ni ne na ƙi ji."

Ya juyo ya ce mini a hankali, "Maman Hadiza, ki yafe mini." Na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe.

Kafin magariba labari ya zaga gari cewa na shanye shi. Wai wanda aka ba dafi ya dawo yana roƙon a ƙara masa, ai wannan ba aikin banza ba ne. A ranar na gane babu abin da zan yi, ko wani ya yi mini, da zai wanke ni a Yelwa.

Bayan sallar layya babanku ya ce mu koma Wara. Yana da aboki a can da zai ba shi rumfa, ni kuma in kama bandar kifi, don mai sayen busasshen kifi ba ya tambayar wa ya hura wutar. Abin da ya dame mu Inna ce. A Yelwa aka haife ta, a nan kabarin mijinta yake, ba ta taɓa kwana bakwai a wani gari ba. Muka shirya za ta koma gidan ƙanen babanku, ya ma gyara mata ɗaki.

Ranar tafiya muka kai kaya bakin ruwa da safe, keken ɗinki da tukwanena da ku. Mutane sun taru suna kallo daga nesa, kaɗan ne suka matso sallama. Muna cikin loda kwalekwale sai ga Inna tana tahowa da sandarta, ƙullin kayanta a ka. Ba ta kula kowa ba. Ta miƙa wa mai jirgi sandar, ta kama kafaɗata ta taka ta shiga, ta zauna a kan buhun gero.

Ƙanen babanku ya biyo ta a guje. "Inna, ina za ki? Ga ɗaki can an share miki."

Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na kan tudu ma za su ji.

"Shekara goma sha ɗaya ba ni cin tuwon kowa sai na Rabi. Yanzu da tsufana za a sake mini hannu?"

Ta dubi mai jirgi ta ce, "Kai, tura mu."